"Wa Ya Aiko Ka?": Kyamara, Fuskar Mutane da Doka a Nasarawa Gwom

Da sanyin safiya a lokacin hunturu, unguwar Nasarawa Gwom da ke Jos takan yi kyau a idon mai son hoto. Hazo ya kwanta a kan duwatsu ta wajen Dutse Uku, hayaƙin masu ƙosai ya gauraya da shi, dattawa sun dunƙule cikin rawani da bargo a bencin mai shayi, 'yan makaranta cikin rigunan sanyi suna tsallake kwata, masu Keke Napep na kakkauce wa ramuka. Hannu da kansa yake zuwa aljihu neman waya. Sai dai duk wanda ya san unguwar ya san abin da ke biyo baya idan baƙo ya ɗaga waya ya saita mutane. Kafin ya danna wani ya taso, kuma tambayar ba ta canzawa: "Malam, lafiya? Wa ya aiko ka?"

Ni ma an taɓa tsayar da ni. Wani dattijo ne a teburin mai shayi, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, zo nan. Hoton nan ina za ka kai shi?" Na ce, "Baba, ajiyewa zan yi, hasken safiyar ne ya ba ni sha'awa." Ya karɓi wayar ya duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya nuna titi da hazo da taron mutane daga nesa ya ce in bar shi. Wanda shi kansa ya fito a ciki riƙe da kofin shayi ya yi murmushi ya ce wannan ma ba komai. Da ya iso kan wanda ya kama wata mata tana fitowa daga zaure, fuskarta da ƙofar gidan duk a bayyane, sai ya miƙo mini wayar ya ce, "Wannan goge shi." Na goge a gabansa. Bai ambaci sashen doka ko ɗaya ba, amma daga baya da na zauna na karanta yadda kotunan duniya suka yi ta fama da wannan batu, na ga iyakokin da ya shata a cikin minti biyu su ne alƙalai suka kwashe shekaru suna laluben su.

Wanda bai san Jos ba zai iya ɗauka tsaurin ido ne ko ƙauyanci. Tarihi ne. Tun rikicin 7 ga Satumba 2001 garin ya fara rabuwa unguwa-unguwa bisa addini, na Nuwamba 2008 ya ƙara zurfafa ramin. Na ranar Lahadi 17 ga Janairu 2010 kuwa a wannan yankin na Nasarawa Gwom ya tashi, a kan sake gina wani gida da aka rusa a rikicin baya, kowane ɓangare da yadda yake ba da labarin wanda ya fara. A garin da aka taɓa bin gida-gida, hoton da ya haɗa fuskar mutum da ƙofar gidansa ko shagonsa adireshi ne. Ya faɗi wane ne, ya faɗi inda yake kwana, ya faɗi ɓangaren da za a lissafa shi. Sannan ga bama-baman da suka tashi a kasuwar Taminus ranar 20 ga Mayu 2014, suka kashe mutum aƙalla 118, da waɗanda suka tashi a masallacin 'Yan Taya da wani gidan abinci a Titin Bauchi a Yulin 2015. Tun daga nan mai ɗaukar hoton kasuwa ko masallaci ko coci ya zama abin zargi, ana yi masa kallon mai leƙen wurin da za a kai wa hari.

Akwai kuma abin da hoto da kansa ya jawo a Filato. A Yunin 2018, lokacin kashe-kashen yankin Gashish a ƙaramar hukumar Barikin Ladi, hotuna masu tayar da hankali suka cika Facebook. Binciken da sashen BBC Africa Eye ya fitar a Nuwamban wannan shekara ya gano cewa hoton wani jariri da aka sassara ya riga ya yi watanni yana yawo kafin rikicin, wani bidiyon kuma a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Ranar 24 ga Yuni matasa suka tare hanya, suka fiffito da matafiya daga motoci, aka kashe mutum 11. 'Yan sanda da sojojin jihar sun shaida wa masu binciken cewa hotunan sun ƙara wa wutar fetur. Hoto ba ya magana da bakinsa, rubutun da aka liƙa masa a ƙasa shi ke magana, kuma mai rubutun sau da yawa bai taɓa taka wurin ba. Mutumin Nasarawa Gwom da ke tambayar ina za ka kai hotonsa ya ga wannan da idonsa.

To, me doka ta ce? Abin da zai ba mutane da yawa mamaki shi ne Nijeriya ba ta da wata doka guda da ta haramta ɗaukar hoton mutum a kan titi ko a kasuwa ba tare da izininsa ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganarsu ta tarho, amma bai ce komai a kan fuskar mai tafiya a hanya ba. Sashe na 39 kuma ya bai wa kowa 'yancin faɗin albarkacin baki da karɓar bayani da isar da shi, kuma a ƙarƙashin wannan inuwa ɗan jarida da mai hoto suke fakewa. Inda aka yi hani ƙarara shi ne wuraren tsaro. Dokar sirrin gwamnati ta 1962 ta sa ɗaukar hoton wurin tsaro da aka keɓe, da nufin da zai cutar da tsaron ƙasa, ya zama laifi, don haka mai hankali ba ya ɗaga waya a ƙofar barikin soja na Rukuba. Ban da wannan, danna kyamara a bainar jama'a ba laifi ba ne a karan kansa. Ƙwace wayar mai hoto da ƙarfi, ko farfasa ta, ko dukansa, waɗannan kuwa laifuffuka ne da kotu ke hukunci a kansu, duk yadda ran mutum ya ɓaci. Ina faɗin wannan ne da gangan, domin a Jos taron da ya fara da "wa ya aiko ka" yana iya ƙarewa da jini kafin a gama bayani.

Abu na biyu ya fi na farko ɗaci ga wanda aka ɗauka. Fuskarka ce a hoton, amma hoton ba naka ba ne. A dokar haƙƙin mallaka, wanda ya ɗauka shi ne mai shi, kuma kariyar takan kai shekara 50. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nanata haka a 2021 a shari'ar Banire da kamfanin NTA-Star TV Network, inda wata mata ta ga hotonta a allunan talla ta garzaya kotu, aka ce mata haƙƙin mallakar yana hannun waɗanda suka ɗauki hoton. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ɗan gyara wani gefe: idan kai ka kira mai hoto ka biya shi don harkar gidanka, kamar biki ko suna, kana da ikon hana shi baje hotunan ga duniya. Wannan labari ne mai daɗi ga amaren da ke wayar gari su ga kansu a shafin Instagram na mai hoto ana tallar sana'a da su. Amma mai tallar gyaɗa da aka ɗauka tana tsallake titi ba ta kira kowa ba, ba ta biya kowa ba, wannan sashe bai san da zamanta ba.

Dokar da ta fi matsowa kusa da ita ita ce ta kare bayanan mutane, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023, ta kuma kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. A wannan doka duk bayanin da za a iya gane mutum da shi nasa ne, kuma hoton da fuska ta fito sarai ya shiga ciki. Kamfani ko makaranta ko ƙungiyar agaji da ke son amfani da hoton mutum dole ta kasance da hujjar da doka ta yarda da ita, mafi sauƙinta yardar mai fuskar. Idan yaro ne, sai da amincewar iyaye ko mai riƙonsa. Mutum na iya neman a goge bayaninsa, yana iya kai kuka hukumar, yana iya neman diyya a kotu. Tarar manyan kamfanoni tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Sai dai dokar ta bar ƙofofi biyu a buɗe. Ba ta hau kan wanda ya ɗauki hoto don amfanin kansa ko na gidansa ba, muddin bai keta sirrin wani ba. Ta kuma sassauta wa aikin jarida da ilimi da fasaha idan an wallafa don amfanin jama'a. Yanzu saurayin da ke da mabiya dubu hamsin a TikTok, yana yawo kasuwar 'Yan Shanu yana ɗaukar mutane don a yi dariya, a wace ƙofar za a sa shi? Shi zai ce nishaɗi ne da fasaha. Wanda aka yi wa dariyar zai ce cin mutunci ne. Kalmomin dokar ba su raba wannan gardama ba, sai alƙali.

Ƙasar Kenya, mai irin wannan doka tun 2019, ta nuna cewa takarda na iya yin haƙora. A Satumban 2023 ofishin kare bayanai na can ya ci tarar wata makaranta mai suna Roma School shilin miliyan 4.55 saboda ɗora hotunan yara ba da yardar iyayensu ba, ya kuma ci wani gidan shaƙatawa na Nairobi shilin miliyan 1.85 saboda ɗora hoton wanda ya je shan iska. Makarantun kuɗi na Jos da ke cika allunan talla da fuskokin ɗalibai ya kamata su karanta wannan labari da kyau.

Sauran hanyoyin tsofaffi ne. Idan aka ɗora hotonka da rubutun ƙarya, aka ce ɓarawo ne ko karuwa ce, ƙarar ɓata suna na nan, ta neman diyya da ta laifi. Dokar Penal Code ta Arewa tun asali ta tanadi hukunci ga wanda ya kutsa cikin sirrin mace da nufin keta mutuncinta. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015 shi ma an sha amfani da shi, sai dai ya fi shahara wajen kame 'yan jarida da masu sukar gwamnoni, har kotun ECOWAS ta ce ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki. A 2024 aka taƙaita shi. Gyaran ya yi daidai, amma ban taɓa ɗaukar sashen a matsayin garkuwar talaka ba tun farko, manya ne ke jawo shi daga kube.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan rigima ba su sauka a tasha ɗaya ba. A birnin New York, wani mai hoto, Philip-Lorca diCorcia, ya ɓoye fitilu a dandalin Times Square tsakanin 1999 da 2001 yana ɗaukar masu wucewa daga nesa. Cikinsu akwai wani tsoho Bayahude mai tsananin riƙo da addini, Erno Nussenzweig, wanda sai bayan shekaru ya ji cewa ana sayar da hoton fuskarsa dala dubu 20 zuwa 30 kowane ɗaya. Ya kai ƙara a 2005, yana cewa addininsa ma ya hana irin wannan. Kotu ta ce aikin fasaha ne da 'yancin faɗin ra'ayi ya kare, ta kuma ce ya makara. Na daɗe ina tuna wannan tsoho, domin kukansa irin na malamanmu da iyayenmu mata ne sak, kuma bai samu komai ba. A Kanada kuwa labarin ya sha bamban. Wata yarinya 'yar shekara 17, Pascale Claude Aubry, tana zaune a matakalar wani gini a Montreal aka ɗauke ta, wata mujalla ta buga. A 1998 Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da diyyar dala 2,000, ta ce a lardin Quebec ba a buga hoton mutumin da aka ware shi kaɗai ba da yardarsa ba, amma wanda ya faɗo cikin taro, ko ya shiga al'amarin da jama'a ke da haƙƙin sani, ba shi da ta cewa. Taro daga nesa a bari, mutum ɗaya da aka ware a nemi yardarsa. Hukuncin dattijon teburin shayi ke nan.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne su wa ake ɗauka. Ba a ɗaukar mai gida a Rayfield yana shan iska, katanga da maigadi sun raba shi da kyamara. Wanda rayuwarsa ke kan titi shi ake samu a arha: almajiri da ƙoƙonsa, 'yar talla, gurgu a bakin masallaci, tsohuwa mai tsintar gawayi, mahaukaci, matar da ta faɗi a layin rabon abinci. Filato ta daɗe da sanin wannan. Tun zamanin haƙar kuza Turawa suka riƙa ɗaukar matan ƙabilun tsauni da lebarori masu ɗauke da kwanon ƙasa a ka, ana buga su a katin gaisuwa ana aikawa Ingila, ba suna, ba tambaya. Yau mu ne ke yi wa junanmu. Salon sadakar kyamara ya fi komai ƙona rai: a miƙa wa bazawara mudun shinkafa da hannun dama, hannun hagu na riƙe da waya, a ce ta kalli nan ta yi godiya. Za a ce ai ta yarda. Yardar mai jin yunwa a gaban buhun shinkafa wace irin yarda ce? Addinin da aka ce don shi ake yi ya fifita sadakar ɓoye, Suratul Hujurati ta hana bin diddigin asirin mutane da cin namansu, Suratun Nur ta sa neman izini kafin shiga gidan wani. Bahaushe ya gina zaure don ido ya tsaya a nan, ya rubuta "ba shiga" a ƙofa, yana roƙon Allah rufin asiri safe da yamma. Waya ta tsallake zauren ba sallama.

Masu kare wannan ɗabi'a sukan kawo labarin Olajumoke Orisaguna, mai tallar burodi da ta faɗo cikin hoton da mai hoto TY Bello ke ɗaukar mawaƙi Tinie Tempah a Legas a farkon 2016. Aka neme ta, aka sa ta a bangon mujallar ThisDay Style, kamfanoni suka yi ta rububinta. Gaskiya ne. Amma a 2024 ita da bakinta ta fito ta ba da labarin yadda daular ta watse ta koma cikin wahala. Kafin ita akwai Sharbat Gula, yarinyar Afganistan mai korayen idanu da Steve McCurry ya ɗauka a sansanin 'yan gudun hijira kusa da Peshawar a 1984, mujallar National Geographic ta sa ta a bango a Yunin 1985. Duniya ta san fuskarta shekara 17 ita ba ta ga hoton ba, sai a 2002 da aka gano ta. A 2016 hukumomin Pakistan suka kama ta kan takardun shaidar zama ɗan ƙasa, sanannen hoton ya sa kamun ya zama labarin duniya, daga baya a 2021 ta samu mafaka a Italiya. Hoton ya jawo mata taimako, ya jawo mata ido, kuma ko ɗaya ba ita ta zaɓa ba.

Duk da haka ba na cikin masu cewa a kafa doka a hana ɗaukar hoto a titi sai da izini. Na san wanda irin wannan doka za ta yi wa daɗi. A Fabrairun 2010 tashar Aljazeera ta nuna bidiyon jami'an tsaro suna harbe mutanen da ba su riƙe da makami a Maiduguri bayan rikicin Yulin 2009, har da masu dogara sanda. Ba wanda ya nemi izinin masu harbin, kuma sai bayan fitowar bidiyon aka kama wasu 'yan sanda. Zanga-zangar EndSARS ta Oktoban 2020 daga bidiyon da wani ya ɗauka da waya a Ughelli ta jihar Delta ta kunno kai. A Jos, inda ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidu kan mutum fiye da 130 da ta ce jami'an tsaro sun kashe ba bisa ƙa'ida ba a rikicin 2008, babu mai buƙatar a yi masa bayanin darajar shaidar gani da ido. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya buɗe wa hoto da bidiyon waya ƙofar kotu. A ƙarshen 2023 kakakin rundunar 'yan sanda na lokacin, Olumuyiwa Adejobi, ya faɗa a fili cewa ɗaukar ɗan sanda yana bakin aiki ba laifi ba ne. A shingen bincike da daddare maganar kakaki ba ta cika yin tasiri ba, kowa ya san haka, amma an faɗa, kuma lauya zai iya tsayawa a kanta. Mai kaki da mai muƙami a bakin aikinsu na jama'a ne, a ɗauke su. Wanda ba shi da komai sai mutuncinsa, shi ya cancanci a yi masa sallama tukuna.

Garin da ya fi dacewa a koyar da wannan shi ne Jos. Nan ne hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, nan Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa take, nan Kwalejin Talabijin ta NTA take, ga sashen aikin jarida na Jami'ar Jos. Kowace shekara ana tura ɗalibai cikin gari da kyamara su yo aikin gwaji, da yawansu kuma kasuwanni da unguwannin talakawa suke nufa. Ƙa'idojin aikin jarida da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun yi maganar mutunta sirrin mutane da kare yara, amma yawancin masu riƙe da kyamara a yau ba 'yan jarida ba ne, ba su taɓa jin labarin Ilorin ba. Masu hoton da suka daɗe a unguwa suna da tasu hanyar, wadda ba a rubuta ba. A fara zuwa wurin mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwa. A zauna a sha shayi kyamara na cikin jaka. In an ɗauka a juya wayar a nuna wa mutum. Wanda ya ce a goge a goge ba musu. Hoton da ya fi kowanne kyau sau da yawa bayan an saba yake zuwa, lokacin da mutane suka manta da kai suka koma harkarsu.

Akwai wani abu da ke hana ni yanke wa masu ɗaukar baƙi hukunci baki ɗaya. Babbar kasuwar Jos ta ƙone a Fabrairun 2002. Waɗanda aka haifa bayan gobarar ba su san ta ba sai a tsofaffin hotuna, kuma hotunan cike suke da mutanen da ba a tambaye su ba: 'yan dako, masu atamfa, mata da kwandunan tumatir, mai hula da mai sarƙar giciye suna ciniki kafaɗa da kafaɗa. Duk lokacin da irin hoton nan ya faɗo Facebook, za ka ga 'yan Jos na kowane ɓangare sun taru a ƙarƙashinsa, wannan na nuna layin da shagon mahaifinsa yake, wancan na ƙara girman hoton da yatsu biyu yana duba fuskokin ɗaya bayan ɗaya ko zai ga wani nasa.